Daskararren 'ya'yan itace a gida: blanda, cokali mai yatsu, ko ƙanƙara da gishiri?

Ƙanwata da ke aure a Jega ta kira ni ana tsakiyar zafin Afrilu, murya duk takaici. "Yaya, abin nan naki fa ya ƙi. Na markaɗa kankana na sa a firiza, da safe sai da na ɗauko wuƙa, kuma ko wuƙar ba ta shiga ba." Na ce sukari nawa kika zuba? Ta ce ba ta zuba ba, ai kankanar da zaƙinta. Na ce sau nawa kika juya? Ta ce ina ta ga ta juyi, an ɗauke wuta tun la'asar, sai cikin dare aka maido ta.

Abin da take son yi shi ne wanda Faransawa ke kira sobe: 'ya'yan itace da sukari kawai, babu madara babu ƙwai, a daskarar da su yadda cokali zai shiga ya ɗebo da laushi. Rashin madarar nan ne ya raba shi da askirim. Sunan ma ba baƙo ba ne can can, daga kalmar Larabci ta sha ya fito, ya bi ta bakin Turkawa da Italiyawa kafin ya isa Faransa. Mu nan mun daɗe da sanin ɗan'uwansa, wato zoɓo da tsamiya da ake ƙullawa a leda a daskarar, yara na tsotsa a ƙofar makaranta. Bambancin shi ne na leda tsotsa ake yi, wannan kuwa da cokali ake sha.

Hanyoyin yinsa a gida uku ne da na gwada har na san halinsu. Kuma a garin da zafi ke haura digiri 40 tsakanin Maris da Mayu, wuta kuma ba ta da alkawari, tambayar farko ita ce awa nawa firizarki ke samun wuta a jere, ta biyu kuma wane ɗan itace ne a hannunki. Daɗi duk suna da shi in an dace.

Kafin a kai ga hanyoyin sai an yi maganar sukari, don shi ya kayar da ƙanwata. Ruwa zalla yana daskarewa a digiri 0, ya zama bulo guda. In aka narkar da sukari a ciki, sai ya hana wani kaso na ruwan daskarewa ko da firiza ta kai digiri 18 ƙasa da sifili, wanda shi ne sanyin da aka saba saita ta. Wannan ɗan ruwan mai kauri da ya rage shi ke zama tsakanin ƙwayoyin ƙanƙarar yana raba su, shi ya sa cokali ke shiga. Masu sana'ar suna neman sukari ya kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na duk haɗin, har da wanda ɗan itacen ya zo da shi. In ya gaza haka a samu dutse, in ya wuce a samu abin da ya ƙi kamawa, yana malala kamar koko. A ma'aunin kicin, kofi huɗu na markaɗe ya samu kofi ɗaya na sukari, daga nan a ƙara ko a rage gwargwadon ɗan itacen. Ko da gwangwanin madara kike awo lissafin ɗaya ne, huɗu da ɗaya. Kuma ki sani sanyi yana dakushe harshe. Haɗin da kika ɗanɗana kika ji daidai kafin ya shiga firiza, salam zai fito. Ki bar shi ya ɗan zarce a zaƙi, ki matsa lemon tsami ɗaya, ki barbaɗa gishiri ɗan mitsitsi.

Hanya ta farko, wadda na fi yi a gidana, ita ce a daskarar da ɗan itacen tukuna sannan a markaɗa. Ki fere mangwaro, ki yanka ƙanana kamar yankan naman miya, ki baza a tire kada su hau juna, ki sa a firiza awa huɗu zuwa shida. Da sun yi tauri ki juye a leda ki ɗaure. Ranar da ake so, ki fito da su su sha iska na minti biyar, ki zuba a blanda da cokali biyu ko uku na sukarin da aka narkar a ruwa kaɗan da ruwan lemon tsami, ki dinga kunnawa kina kashewa kina tura na gefe ƙasa da cokali. Da farko zai yi kamar tsaki, ki yi haƙuri, can sai ya haɗe ya yi santsi. Duka aikin bai kai minti goma ba.

Abin da ya sa nake fifita ta shi ne ba ta neman wuta ta tsaya miki a wani lokaci na musamman. Duk daren da aka samu wuta mai tsawo yankakken mangwaron zai daskare, in ma ya ɗan saki ya sake kamawa ba a yi asara ba, tunda blanda ce za ta farfasa ƙanƙarar a ƙarshe. Markaɗen kansa kuwa ko da ƙaramin janareto an yi. Sannan a wannan hanyar za ki iya rage sukari sosai ko ki bar shi gaba ɗaya, saboda nan take za a shanye, ba a ba shi damar komawa dutse ba. Gidan da akwai dattijon da aka hana sukarin zubawa, wannan ce tasu, sai dai a tuna mangwaro cikakke shi ma yana ɗauke da sukarinsa, wajen kashi 14 cikin 100.

Aibinta biyu. Na ɗaya, tana cin blanda. Ƙaramar blandar markaɗen tumatir in kika cika ta da daskararren abu za ki ji ƙaurin waya, ni na taɓa ƙona ɗaya da hannuna. Ki zuba kaɗan kaɗan, kada yankan ya yi girma. Na taɓa gwada turmi da taɓarya ranar da babu wuta, ya daku kuwa, amma turmin da ya saba da daddawa da yaji ba ya mantuwa, ranar yara sun sha mangwaro mai ƙanshin miyar kuka. Aibi na biyu, ba ta son ajiya. Abin da ya rage in kika mayar firiza ba tare da cikakken sukari ba, gobe sai an sake markaɗawa.

Kuma ba kowane ɗan itace ke karɓar wannan hanya ba. Tana son masu tsoka: mangwaro, gwanda, ayaba, gwaiba in an tace 'ya'yanta. Tsokar nan tana ɗauke da wani sinadari mai kama ruwa da ake kira fektin, ga ɗan zare mai laushi, su ke ba shi santsin da mutum zai rantse an sa madara. A mangwaron ma akwai zaɓi. Ɗan aure mai tsoka marar zare shi ne sarki a nan. Ƙananan nan namu na gida da ake jibgewa a bakin hanya in kakarsu ta kama, irin waɗanda ake lodowa daga ƙasar Zuru, sun fi zaƙi da ƙanshi da araha, amma zarensu zai naɗe wuƙar blanda ya kuma maƙale a haƙori. Su sai an matse da hannu an tace da rariya, a zuba ruwan a ƙananan ledoji ko robar yin ƙanƙara mai gida gida, ya daskare, sannan a markaɗa. Aiki ne, amma in ana maganar ɗanɗano ni na fi son nasu. Gwanda kuwa ita kaɗai lami ce in ta yi sanyi, ba ta tashi sai da lemon tsami mai yawa.

Hanya ta biyu ita ce ta tire da cokali mai yatsu, kuma ita ce ta kankana. Kankana ruwa ce kusan duka, wajen kashi 92 cikin 100, sukarinta bai wuce kashi shida ko bakwai ba duk zaƙin da baki ke ji. Babu tsokar da za ta riƙe ta. Don haka a cire 'ya'yan, a markaɗa, a auna kofi huɗu, a narkar da kofi ɗaya na sukari a cikin kaɗan daga ruwan nata, kada a ƙara ruwa daga waje. A juye a faffaɗan tiren ƙarfe, zurfin kada ya wuce yatsa biyu. Bayan kamar awa ɗaya gefe gefe zai fara kamawa, sai a kankaro shi zuwa tsakiya a murmushe da cokali mai yatsu. Daga nan duk rabin awa a sake, har sau biyar ko shida. Cikin awa uku zuwa huɗu ya gama.

Abin da ke fitowa ba shi da santsin na mangwaro. Wara wara yake, kamar an kankare ƙanƙara, yana narkewa da ya taɓa harshe. Mutanen tsibirin Sisili na ƙasar Italiya suna ji da irin wannan, suna kiransa giranita. Ni dai a ganina ranar da rana ta dake ka, ko lokacin shan ruwa a azumin da ya faɗo cikin bazara, wannan ya fi na mangwaro kashe ƙishi nesa ba kusa ba. Na mangwaro kayan marmari ne na bayan abinci, na kankana kuwa maganin maƙogwaro ne.

Amma dubi sharaɗinta: awa huɗu wuta na nan, ke ma kina nan. Ba hanyar mai fita aiki ba ce, ba kuma ta unguwar da ake kawo wuta awa biyu a ɗauke ba. Kowace buɗewar firiza sanyi ne ke fita. In aka ɗauke a tsakiya, abin da ya kama zai narke, in aka maido cikin dare kina barci ya haɗe ya zama faifan ƙanƙara guda. Abin da ya sami ƙanwata ke nan, ga rashin sukari ga rashin juyi. Mai firizar sola ko wadda layinta ke zama, wannan hanyar ba ta da wata matsala gare ta, kuma ba ta buƙatar blanda mai ƙarfi, kankana ko da hannu da rariya ta matsu.

Tsamiya da zoɓo, wanda mu nan muka fi kira soɓorodo, a wannan layin suke, har sun fi kankana buƙatar kulawa domin sukarin da ke cikin jiƙonsu kaɗan ne. Kofi huɗu na ruwan yana son kofi ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi. A yi jiƙon da kauri fiye da na sha, citta da kanumfari ma a ɗan ƙara hannu, tunda sanyi zai danne su. Ga masu ruwa irin waɗannan akwai tsohuwar dabarar gane ko sukari ya isa ba tare da ma'auni ba. A wanke ɗanyen ƙwai tas, a ɗebi haɗin a wani kofi mai zurfi daban, a saka ƙwan. In ya nutse, sukari bai isa ba. In ya taso har abin da ya leƙo sama ya kai faɗin marfin kwalbar lemo, an dace. In ya leƙo fiye da haka, a ƙara ruwa. Wanda aka yi gwajin da shi a zubar, kada a mayar cikin sauran. A markaɗen mangwaro dabarar ba ta aiki, kaurinsa ne zai riƙe ƙwan a sama ya ruɗe ki.

Akwai abin da na gano da ke gyara waɗannan masu ruwan, kuma a kasuwarmu yake zube: farin garin 'ya'yan kuka. Yana da fektin mai yawa, ga tsami mai daɗi. Cokali biyu a kofi huɗu na kankana ko zoɓo, a dama a tace, sai ki ga ya yi jiki, ƙwayoyin ƙanƙarar sun ƙanƙance, har ba sai an nemi lemon tsami ba. Ayaba ɗaya ma tana yin wannan aikin, sai dai ƙanshinta ba ya ɓuya, tana shiga ta mamaye. In za ki aiki yaro ki ce masa na 'ya'ya, fari. Na taɓa cewa "garin kuka" kawai, aka dawo mini da koren na miya.

Hanya ta uku ita ce ta gidan da babu firiza ko babu wuta sam, kuma ita ce mafi tsufa. Abin da take nema ƙanƙarar saye ce da gishiri. In aka cakuɗa gishiri da farfasasshiyar ƙanƙara, gishirin yana tilasta mata narkewa, narkewar kuma tana zuƙe zafi daga duk abin da ke kusa, sai ruwan gishirin ya yi sanyin da ya wuce na ƙanƙarar kanta. In aka yi awo uku na ƙanƙara da ɗaya na gishiri a nauyi, sanyin na iya sauka kusan digiri 20 ƙasa da sifili, wato ya kamo firiza. Da wannan dabarar aka yi ta yin askirim kafin a san firij. Injin hannu da wata Ba'amurkiya mai suna Nancy Johnson ta yi wa rajista a 1843 ba komai ba ne illa gwangwani a cikin bokitin ƙanƙara da gishiri, da mariƙin juyawa.

A gida ga yadda ake yi. A zuba kofi ɗaya na haɗin a leda mai kauri, a fitar da iska, a ɗaure tamau, a sake saka ta cikin wata ledar a ɗaure. A farfasa bulon ƙanƙara a cikin buhu, a zuba a ƙaramar kula ko roba mai marfi, a barbaɗe da gishiri, a binne ledar a ciki, a rufe a yi ta girgizawa minti goma zuwa sha biyar. Yara na son wannan aikin, a ba su su yi ta mirgina robar a tabarma. In za a taɓa ƙanƙarar a naɗe hannu da tsumma, don sanyin yana ƙuna. Da ya kama a fito da ledar a ɗauraye bayanta da ruwa kafin a kwance, in ba haka ba ɗigo ɗaya na ruwan gishiri ya ɓata komai.

Abin mamaki, cikin ukun ita ce ke fitar da mafi laushi, ko da kankana ce ko tsamiya. Dalili shi ne daskarewar da sauri take zuwa kuma ana motsa shi ba tsayawa, ƙwayoyin ƙanƙara ba su samun sukunin girma. Wani alherinta kuma, ƙanƙarar saye ba ta taɓa abin da za a sha, don haka ba ki da damuwar da wane ruwa aka yi ta. Inda take gazawa shi ne yawa da kuɗi. Kofi ɗaya ko biyu take yi a tashi guda, gidan mutum goma sai hannu ya gaji. A tsakiyar bazara, balle da azumi, ƙanƙara tsada take kamar me, layi ake yi a kanta. Kuma in haɗin da ɗumi kika saka shi, rabin ƙanƙarar zai tafi wajen huce shi kawai, don haka a fara ajiye ledar a randa ko a kan bulon kafin a fasa. Ruwan gishirin da ya rage kada a watsa shi gindin shuka, zai kashe ta.

Injin askirim na zamani mai kwanon da ake daskararwa kuwa, ban ga dalilin sayensa a nan ba. Kwanon sai ya yi awa 12 zuwa 24 a firiza mai cikakken sanyi kafin ya yi aiki sau ɗaya. Wadda ke da irin wannan wutar, tire ma ya ishe ta.

Saura maganar zuma, don ana yawan tambaya. Tana yi, har ta fi sukari hana tauri, domin irin sukarin da ke cikinta ya kusa ninka na kanti wajen hana ruwa daskarewa. Shi ya sa in aka sa ta ita kaɗai da yawa abin ba ya kamawa. Ni nakan cire kashi ɗaya cikin huɗu na sukarin in maye da zuma, musamman a tsamiya, inda ƙanshinsu ke tafiya tare. A kankana tana danne ɗanɗanon. Kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko a cikin me aka sa ta.

Wajen ajiya kuwa, duk hanyar da aka bi, sobe ya fi nama saurin saki in an ɗauke wuta, saboda sukarin da ya ba shi laushi shi ke sa ya narke da wuri. A zuba shi a roba mai marfi, a shimfiɗa leda ta taɓa samansa, a tura shi can ƙasan firiza tsakanin ledojin ruwa da suka daskare. In ya ɗan saki da sauran sanyinsa ya sake kamawa, a farfasa a mayar blanda, zai dawo. In kuwa ya narke har ya huce, a haƙura da shi, musamman kankana da gwanda da ba su da tsamin da zai kare su. Yankakkiyar kankana a zafin nan namu awa ɗaya ta ishe ta a waje.

To wace za ki ɗauka? In kina da blanda mai ɗan ƙarfi kuma wutarku ta dare ce, ki sayi mangwaro lokacin da yake araha, ki yanka ki tara a firiza, hanya ta farko ta ishe ki har damina. In wutarku na zama ko kuna da sola, kuma ƙishi ne ya dame ku, ki yi tiren kankana ko na tsamiya. In babu ko ɗaya, ko baƙi ne biyu suka zo kina son fita kunya, ki aika a sayo bulon ƙanƙara da gishiri.

Ƙanwata kuwa ba ta shiga ko ɗaya daga ciki sosai ba: tana da blanda, wutarsu ba ta zama, kuma kankana ce ke shigo musu da araha daga fadama. Sai na haɗa mata ta farko da ta biyu. Na ce ta yi haɗin da cikakken sukarinsa da cokali biyu na garin 'ya'yan kuka, ta ƙulla a ƙananan ledoji kamar na zoɓon sayarwa, ta jefa a firiza ta manta da su. Duk lokacin da suka kama, ta yage uku ko huɗu ta markaɗa. Bayan kwana biyu ta sake kira. "Yaya, ya yi. Amma maigidan ya ce a tambaye ki, in an sa citta a na kankanar zai ɓaci?" Na ce ta gurza ɗanya kaɗan ta matse ruwan a ciki, kada ta sa busasshiya.